Yadda Za a Rage Mace-macen Bugun Zuciya da Cututtukan Jijiyoyin Jini

Babu wani rukunin cututtuka da yake kashe mutane a duniya kamar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 17.9 ne suka rasu ta dalilinsu, wato kusan kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen wannan shekara, kuma kashi 85 cikin 100 na waɗannan mutane bugun zuciya ne ko shanyewar ɓarin jiki ya yi ajalinsu. Fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, abin da ya isa ya kawar da tunanin da wasu suke da shi cewa ciwon zuciya na masu hannu da shuni ne. Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne, rayuka da yawa daga ciki jinkiri ne ya cinye su, kuma jinkirin iri biyu ne. Akwai na shekaru, lokacin da jini yake hawa babu wanda ya auna shi, ko an auna an ba da magani amma aka ajiye. Akwai kuma na awanni, lokacin da ƙirji ya riƙe mutum ya ce bari ya ga abin da gari zai waye da shi.

Zuciya tsoka ce da take bugawa kusan sau 100,000 kowace rana, kuma ita ma tana buƙatar jini domin ta rayu. Wasu ƙananan jijiyoyi ne da suka kewaye ta suke kai mata wannan jini. A tsawon shekaru kitse yakan riƙa taruwa a cikin bangon waɗannan jijiyoyi, hanyar ta riƙa tsukewa a hankali kamar yadda datti yake cunkushe bututun ruwa, mutum kuwa yana harkokinsa bai ji komai ba. Ranar da fatar da ta rufe wannan tarin kitse ta tsage, sai jini ya daskare a wurin nan take ya toshe hanyar, ɓangaren zuciyar da yake samun jini ta nan ya fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya. Idan irin wannan toshewa ta faru a jijiyar ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe saboda ƙarfin hawan jini, sai a samu shanyewar ɓarin jiki. Wani babban bincike da aka gudanar a ƙasashe 52 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Salim Yusuf, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2004, ya nuna cewa abubuwa tara kacal ne suke bayan kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko, kuma haka abin yake a kowace nahiya. Taba da yawan kitse a jini ne a kan gaba, sai irin su hawan jini, ciwon suga, teɓa, yawan damuwa, zaman wuri ɗaya da ƙarancin cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Kusan dukkansu abubuwa ne da ake iya aunawa, ake kuma iya gyarawa.

Fara da sanin awon jininka

Idan abu ɗaya tak mutum zai ɗauka daga wannan rubutu, to ya je a auna masa jini. Hawan jini kisan mummuƙe yake yi, domin mafi yawan masu shi ba sa jin ciwon kai, ba sa jin jiri, ba sa jin komai, har sai ranar da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 kusan mutum biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ne suke da shi, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma ɗaya ne kawai cikin biyar ya samu jininsa ya sauka inda ake so. Awon jini lambobi biyu yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa. Ana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu mabambanta aka samu lambar sama ta kai 140 ko ta wuce, ko lambar ƙasa ta kai 90 ko ta wuce. Duk baligi ya kamata ya san nasa awon, wanda kuma ya haura shekara 40, ko yake da ƙiba, ko akwai hawan jini a danginsa, kada shekara ta zagayo ba a auna shi ba.

Awon da aka yi a gurguje yakan yaudari mutum, don haka ga yadda ake yin sa daidai. Kada a sha taba ko kofi, kada kuma a yi aikin ƙarfi na tsawon minti 30 kafin awo, sannan a fara zagayawa a yi fitsari, domin cikar mara tana ɗaga lambar. A zauna a kujera mai majingina na minti biyar ba tare da magana ba, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ba. A ɗora hannu a kan tebur yadda damtse zai yi daidai da tsayin zuciya, a naɗa maɗaurin na'urar a kan fatar damtse kai tsaye, ɗan sama da gwiwar hannu, ba a kan hannun riga ba. Girman maɗaurin yana da muhimmanci, saboda idan ya yi wa mai kaurin damtse kaɗan zai nuna lamba sama da ta gaskiya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, a rubuta duka biyun tare da kwanan wata. Mai na'ura a gida ya fi kyau ya yi haka safe da yamma har mako guda, ya kai wa likita takardar, domin wannan jerin lambobi ya fi awo ɗaya da aka yi masa a asibiti yana cikin fargaba. Idan kuwa awo ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ko haki, ko matsanancin ciwon kai, ko gani ya dusashe, wannan batun asibiti ne a wannan lokacin, babu jiran gobe.

Inda aka fi yin asarar rayuka shi ne bayan an fara magani. Mutum zai sha ƙwaya wata ɗaya ko biyu, a auna a ga jini ya sauka, sai ya ɗauka ya warke ya ajiye. Gaskiyar magana ita ce maganin ne ya saukar da jinin, kuma da zarar an daina sha zai koma inda yake, mutum yana zaune da tunanin lafiyarsa ƙalau. Ga mafi yawan mutane maganin hawan jini na kullum ne har iyakar rayuwa, kuma ba abin kunya ba ne a buƙaci iri biyu ko uku kafin a shawo kansa, haka lamarin yake ga yawancin masu ciwon. Ribar kuwa babba ce: nazarin da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa rage lambar sama da maki 10 yana rage haɗarin manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi da kusan kashi 20 cikin 100. Idan magani ya zo da matsala, a koma wurin likita ya sauya, kada a yanke shi da kai. Amlodifin yakan kumbura wa wasu idon sawu, lisinofiril yakan sa wasu busasshen tari mai naci, kuma kowannensu yana da madadi. Mace mai shan lisinofiril ko losatan da ta samu ciki, ko take shirin samu, ta sanar da likita da wuri, domin waɗannan biyu suna cutar da ɗan tayi. Haka nan mai hawan jini ya yi hattara da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, saboda suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda.

Gishiri, taba da sauran abin da ke hannun mutum

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a rana ya kai giram 5, wato ƙasa kaɗan da cikin ƙaramin cokalin shayi, alhali matsakaicin abin da mutanen duniya suke ci ya ninka wannan har da ɗoriya. Wannan ƙaramin cokali ya haɗa da duk gishirin da ya shiga baki tun safe har dare, na tukunya da wanda yake ɓoye a cikin burodi, abincin gwangwani, naman da aka sarrafa, taliyar leda da dunƙulen ɗanɗano. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, domin harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abincin da ake ci a da ya koma yana yi wa mutum zartsi. Mai girki ya riƙa auna gishiri da cokali maimakon barbaɗawa da hannu, idan ya sa dunƙule ya rage gishiri ko ya bar shi gaba ɗaya, a kuma ɗauke mazubin gishiri daga wurin cin abinci. Idan an ga adadin sodiyam a jikin leda ko gwangwani, a ninka shi sau biyu da rabi, shi ne nauyin gishirin da yake ciki. Akwai kuma gishirin da aka maye wani kaso nasa da fotasiyam, wanda wani gwaji da aka yi a ƙauyukan Sin da mutum kusan 21,000, aka wallafa a 2021, ya nuna ya rage shanyewar ɓarin jiki da mace-mace. Sai dai mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini kada su taɓa shi sai da izinin likita.

Taba kuwa ba ta da ma'aunin da za a ce na lafiya ne. Tana lalata bangon jijiya, tana sa jini saurin daskarewa, kuma ko kara ɗaya a rana yana ɗaga haɗarin bugun zuciya sosai. Shisha ma tana cikin wannan hukunci, haka hayaƙin da matar mai shan taba da 'ya'yansa suke shaƙa a ɗaki ko a mota. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne jiki yana saurin farfaɗowa: shekara ɗaya bayan dainawa, ƙarin haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yana raguwa da kusan rabi. Mai son bari ya tsayar da rana, ya sanar da iyalinsa da abokansa, ya fitar da kwali da ashana daga aljihu da gida, ya kuma nemi taimakon ma'aikacin lafiya, domin akwai magunguna da cingam na nikotin da suke rage ƙishirwarta. Wanda ya gwada ya koma ya sake gwadawa, mafi yawan waɗanda suka rabu da ita ba a karon farko suka yi nasara ba.

Sauran gyare-gyaren kowa ya sha jin su, don haka zan taƙaita. A samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar, irin tafiyar da mutum zai iya magana a cikinta amma numfashinsa ya ƙaru. A yawaita ganyaye, 'ya'yan itatuwa, wake, hatsin da ba a cire masa dusa ba da kifi, a rage soye-soye, kitsen dabba, man da aka maimaita suya da shi da lemon kwalba. A bar barasa. A auna ƙugu da igiya: idan kewayensa ya wuce rabin tsawon mutum, teɓa ta fara yawa. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa yake yankewa cikin barci, yana kuma wuni da gyangyaɗi, ya faɗa wa likita, domin wannan yana cikin abubuwan da suke hana jini sauka. Hayaƙin girki a ɗakin da iska ba ta ratsawa shi ma yana taɓa zuciya kamar yadda yake taɓa huhu.

Kada a raina abin da waɗannan ƙananan gyare-gyare suke iya yi idan al'umma ta ɗauke su tare. A farkon shekarun 1970 yankin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finlan yana cikin wuraren da maza suka fi mutuwa da bugun zuciya a duniya, da yawansu ba su ma tsufa ba. A 1972 aka ƙaddamar da wani shiri a ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska, wanda ya haɗa asibitoci, makarantu, ƙungiyoyin mata, manoma da masana'antun abinci a kan rage taba, man shanu da gishiri da kuma kula da hawan jini. Cikin kusan shekara 40 mutuwar maza masu shekarun aiki ta dalilin ciwon jijiyoyin zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, kuma mafi yawan wannan raguwa daga sauyin abinci da barin taba da saukar jini ta samo asali.

Suga da kitsen jini

Gwaji biyu ne suke biye da awon jini. Na farko shi ne na suga, wanda ake yi da safe kafin a ci komai. Idan ya kai 126 a ma'aunin miligiram, ko 7 a ma'aunin milimol, aka kuma maimaita aka samu haka, to ciwon suga ne. Mai ciwon suga haɗarinsa na bugun zuciya ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi, shi ya sa kula da jininsa da kitsensa yake da muhimmanci daidai da kula da sugan kansa. Na biyu shi ne gwajin kolestarol, musamman nau'in da yake maƙalewa a bangon jijiya. Siriri ma yana iya samun shi da yawa, domin wani gado ne. Duk wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya samu bugun zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa ko 'yar'uwarsa kafin 65, ya gaya wa likita wannan tarihi ko ba a tambaye shi ba. Magungunan sitatin suna rage wannan kitse, kuma an tabbatar da cewa duk ragin milimol ɗaya yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gargaɗi ɗaya a nan: kada mai lafiya ya ɗora wa kansa shan asfirin kullum don ya ji an ce yana tsinka jini. Ga wanda bai taɓa samun ciwon zuciya ba, zubar jinin ciki da asfirin yake iya haddasawa takan kai amfaninsa ko ta fi, don haka hukuncin na likita ne.

Mata suna da nasu ƙarin abin lura. Wadda jininta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, ko ta yi jijjiga, ko suga ya taso mata da ciki, haɗarinta na ciwon zuciya a gaba ya fi na sauran mata, don haka ta ci gaba da awo ko bayan ta gama haihuwa. Mai jego da ta fara haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, a kai ta asibiti a duba zuciyarta, kada a ce gajiyar haihuwa ce. Yara ma ba su fita ba: ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi da wata ƙwayar bakteriya take kawowa, idan ba a yi maganinsa da fenisilin ba, yana iya komawa zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi da yake lalata ƙofofin zuciya, cutar da har yau take kashe matasa da yawa a ƙasashe matalauta.

Ranar da ƙirji ya riƙe

Sau da yawa ga yadda abin yake zuwa. Magidanci ya gama cin abincin dare, sai ya ji wani nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an danne shi, zufa mai sanyi ta karyo masa alhali ba zafi ake yi ba, hannunsa na hagu ya yi nauyi. Ya ce ƙwannafi ne ko olsa ce ta tashi, ya sha maganin ciki, ya kwanta ya ce da safe zai je asibiti, matarsa kuma ba ta son tayar da maƙwabta cikin dare. A cikin waɗannan awanni tsokar zuciyarsa tana mutuwa, abin da ya mutu kuma ba ya dawowa, sannan a awannin farkon nan ne zuciya ta fi saurin rikicewa ta tsaya cak. Mutane da yawa da bugun zuciya ya kashe ba su kai ƙofar asibiti ba.

Alamomin da za a riƙe su ne nauyi ko matsewa ko zafi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintoci, ko yake tafiya yana dawowa. Ciwon da yake yaɗuwa zuwa hannu, kafaɗa, wuya, muƙamuƙi, baya ko saman ciki. Haki, zufa, tashin zuciya, amai ko jiri. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga sukan zo da alamomin da ba su fito fili ba, wani lokaci babu ciwon ƙirji sam, sai gajiya mai tsanani ta farat ɗaya da haki ko amai. Akwai kuma gargaɗin da yakan riga bugun zuwa da kwanaki ko makonni: ƙirji ya riƙe idan an hau bene ko an yi sauri, ya saki idan an huta. Wanda ya ji wannan ya ga likita a makon nan, idan kuma ciwon ya fara zuwa yana zaune ba ya aikin komai, ya tafi a ranar.

Abin yi a jere yake. A dakatar da duk abin da mutumin yake yi, a zaunar da shi ya jingina, a sassauta masa tufafi. A kira motar ɗaukar marasa lafiya nan take, idan babu ita ko za ta daɗe, wani ya tuƙa shi, kada ya tuƙa kansa. A nufi asibitin da yake da sashen gaggawa da na'urar gwajin zuciya ta ECG, ko da akwai ƙaramin wurin shan magani da ya fi kusa. Idan mutumin yana cikin hayyacinsa, ba shi da tarihin rashin jituwa da asfirin, ba ya zubar jini, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, domin taunawa ta fi haɗiya saurin aiki. Wani gwaji da aka yi da marasa lafiya sama da 17,000, aka wallafa a 1988, ya nuna cewa asfirin shi kaɗai ya rage mutuwa a makonnin farko bayan bugun zuciya da fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Da isa asibiti a faɗa da baki ƙarara cewa ciwon ƙirji ne kuma ana zargin zuciya, kada a bi layi, domin ƙa'ida ita ce a yi gwajin ECG cikin minti goma da isowa. Daga nan likitoci za su buɗe jijiyar da ta toshe, ko dai ta hanyar zura siririn bututu su faɗaɗa ta su sa mata ragar ƙarfe, ko ta allurar narkar da gudan jini, wadda amfaninta ya fi yawa a awanni biyu zuwa uku na farko, yake kuma raguwa sosai bayan awa 12. Idan aka je aka tarar ƙwannafin ne da gaske, babu abin da aka rasa sai barcin dare ɗaya, kuma babu likitan kirki da zai ga laifin wanda ya zo.

Shanyewar ɓarin jiki ita ma da agogo take tafiya, amma matakinta ya bambanta a wuri ɗaya mai muhimmanci. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a garzaya asibitin da yake da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko aka fi yin ta. A nan kada a ba da asfirin, saboda mai yiwuwa jijiya ce ta fashe, kuma kada a ba da ruwa ko abinci, domin haɗiya takan lalace abin ya faɗa huhu. Ko da alamomin sun wuce bayan 'yan mintoci mutum ya dawo daidai, a je asibiti a ranar, domin sau da yawa babbar tana biye.

Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi

Idan mutum ya faɗi, an girgiza kafaɗarsa an kira shi bai amsa ba, ba ya numfashi ko kakari kawai yake yi jefi-jefi, to a ɗauka zuciyarsa ta tsaya. Wannan kakari yana ruɗin mutane su zaci da sauran numfashi, su tsaya fifita da yayyafa ruwa, alhali duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba damar rayuwarsa tana raguwa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100. A nuna mutum ɗaya da yatsa a ce masa ya kira agaji, domin idan aka yi kira ga taro kowa zai zaci wani ya yi. A kwantar da marar lafiyar rigingine a wuri mai tauri, a sauko da shi daga katifa idan a kanta yake. A durƙusa a gefensa, a ɗora gindin tafin hannu ɗaya a tsakiyar ƙirji, a kan rabin ƙashin ƙirji na ƙasa, a ɗora ɗaya hannun a kai, a miƙe gwiwoyin hannu, a riƙa dannawa da nauyin jiki zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa, ana barin ƙirjin ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Wanda bai koyi hura numfashi baki da baki ba ya tsaya ga dannawa kawai, ta wadatar ga baligi a mintocin farko. Aikin yana gajiyarwa, don haka a riƙa karɓar juna duk bayan minti biyu ba tare da dogon tsaiko ba. Wani lokaci haƙarƙari yakan tsage, kada wannan ya sa a tsaya. Idan akwai na'urar farfaɗo da zuciya da lantarki, irin wadda ake ratayewa a filayen jirgin sama da manyan gine-gine, a ɗauko a kunna, ita da kanta take faɗin abin da za a yi, kuma ba ta sakin wuta sai ta gano akwai buƙata. A ci gaba har ma'aikatan lafiya su karɓa ko mutumin ya fara motsi da numfashi. A ganina kowane gida, makaranta da wurin aiki ya kamata a samu aƙalla mutum biyu da suka koyi wannan a aikace, darasi ne da bai wuce na 'yan awanni ba.

Bayan an sallamo shi

Wanda ya tsira daga bugun zuciya na farko yana cikin mutanen da suka fi kowa haɗarin samun na biyu, musamman a shekarar farko. Yawanci za a sallame shi da asfirin, da wani maganin hana daskarewar jini kamar kulofidogirel, da sitatin, da magungunan da suke sauƙaƙa wa zuciya aiki. Wanda aka sa wa ragar ƙarfe kada ya kuskura ya tsayar da magungunan hana daskarewa ba da sanin likitan zuciyarsa ba, ko da za a cire masa haƙori ne, saboda ragar tana iya toshewa farat ɗaya. Iyali su daina hana shi motsi da sunan tausayi, tafiyar da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan bisa tsarin likita tana cikin maganin, inda kuma asibiti yake da shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya a shiga. A lura da yanayin ransa, domin baƙin ciki da tsoro sukan biyo bayan wannan ciwo, su sa mutum ya yi sakaci da magani. Haki idan ya kwanta, kumburin ƙafafu da ƙaruwar nauyi cikin 'yan kwanaki alamu ne cewa ruwa yana taruwa saboda zuciya ta raunana, a koma asibiti da wuri. A rubuta sunayen magungunansa da adadinsu a takarda ɗaya, a haɗa da kwafin gwajin ECG na ƙarshe, a ajiye ɗaya a aljihunsa, ɗaya a wurin da kowa a gidan ya sani, a kuma sayo sabon magani tun saura na mako guda kafin na hannu ya ƙare.